Wace kyamara ce ta dace da Anka, Gummi da Bukkuyum?

Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Lokacin da gubar dalma ta ɓulla a shekarar 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, har ta yi sanadin mutuwar yara kimanin 400, hotuna na daga cikin abubuwan da suka jawo hankalin duniya. Sai dai waɗanda ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar daga Bagega a 2012, Bature ne, Marcus Bleasdale, ya ɗauke su. Lokaci ya yi da 'yan jarida da ma'aikatan lafiyarmu za su riƙa tattara shaidarsu da kansu, kuma wannan ne ya sa zaɓen kyamara ya wuce zancen ado.

Iri biyu ne a gaban mai saye. Ta farko ita ce marar madubi, wadda Panasonic ya soma fitarwa a 2008 da samfurin Lumix G1, wadda ake cire gilashinta a ɗaura wani. Ta biyu kuwa ƙarama ce ta aljihu mai tsada, kamar Sony RX100 ta 2012 ko Ricoh GR III ta 2019, wadda gilashinta a liƙe yake.

Ba a musun fifikon ta farko. Faifan kama haske na babbar marar madubi, kamar Sony A7, milimita 36 ne da 24, alhali na RX100 milimita 13.2 ne da 8.8, wato na farkon ya ninka shi fiye da sau bakwai. Saboda haka a ɗakin asibiti marar wuta, ko a irin ambaliyar da ta afka wa Gummi a 2024, inda dole mutum ya tsaya nesa ya jawo hoto da dogon gilashi, ita ce gwana.

To amma fa yankin nan yana da nasa sharuɗɗa. Na ɗaya, ƙura. Duk sa'ad da aka cire gilashi cikin hunturu, ko kusa da injin niƙa dutsen zinare, faifan a buɗe yake, domin babu madubin da zai kare shi. Ta aljihu ta fi tsira, kodayake idan ƙura ta kutsa cikinta, sai mai gyara ya kwance ta.

Na biyu, tsaro. A hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba, wanda ya rataya babbar kyamara ya yi wa kansa shela. Haka kuma uwar da ɗanta ke jinya ta fi sakin jiki, bayan an nemi izininta, a gaban abin da bai wuce tafin hannu ba.

Na uku, kuɗi. Farashin marar madubi somin taɓi ne, domin gilasai na biye.

A ganina, gidajen jaridu da ke da ƙwararru su sayi marar madubi. Amma wakilin da ke zaune a Anka, da jami'in da ke kewaya ƙauyuka kan babur, ta aljihu ce daidai da su. Kyamarar da ke aljihu ranar da abu ya faru ta fi wadda aka baro a Gusau don tsoron asara.