Digirin Digirgir da Kujerar Darakta a Dakoro

Har 'yan shekarun baya, iyakar burin malamin boko a gundumar Dakoro sananne ne: ya fita daga sahun 'yan kwantaragi ya samu lambar aikin gwamnati, a naɗa shi darakta, in Allah ya ɗaga shi ya ci gasar shiga babbar makarantar horar da malamai ta ENS da ke Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ya dawo yana sufeto ko mai ba malamai shawara. Yanzu buri ya zarce nan. Matasan malamai, musamman na kwaleji da lise, suna zancen digiri na biyu, wasu har sun ƙyalla ido kan digirin digirgir a fannin shugabancin makarantu da tsara ilimi. Ba su da yawa, amma su ne masu ƙwazon, kuma inda suka dosa can na baya za su bi.

Abin da ya fara buɗe ƙofar shi ne tsarin LMD da ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka amince da shi a 2007: shekara uku digirin farko, biyu na biyu, uku na digirgir. Hanya ta fito fili, kowa ya iya ƙirga ta. Sai kuma jami'o'in jihohi da aka kafa a 2010. Ta Maraɗi, mai sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ta fi karkata ga kimiyya da noma da lafiya, amma ta Tawa tana da tsangayar nazarin ilimi. Ga kuma Nijeriya a kudu, inda jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya suka daɗe suna ba da wannan digiri, kuma faɗuwar naira tun 2023 ta sa kuɗin makarantar ya yi sauƙi ga mai riƙe da sefa, in dai zai iya da Ingilishi.

Babban dalilin dai na aljihu ne, kuma ba abin kunya ba ne a faɗe shi. Malamin jami'a a Nijar yana ƙarƙashin dokar aiki ta musamman, albashinsa da na darakta ba su haɗa hanya ba. Ƙungiyoyin agaji da ke aikin ilimi su ma takarda suke fara dubawa. Wanda ya yi shekara goma yana jiran ƙarin girma bai ga alama ba, ba za a ga laifinsa ba don ya nemi a riƙa ce masa Dakta.

Amma a dubi aikin da ake cewa digirin zai gyara. Daraktan firamare a wani ƙauye na Kornaka ko Azagor yawanci shi ma yana da ajinsa, wani lokaci aji biyu a haɗe. Ana buɗe makarantu a Oktoba, amma darasi ba zai kankama ba sai an gama girbi an samu karan da za a kafa rumfunan aji. Shi zai bi iyaye gida gida, shi zai tara kwamitin makaranta, wato CGDES, a yi ta ja-in-ja kan wa zai kawo kara, wa zai kawo igiya. Rani na yi, rijiyoyi suka ja baya, 'ya'yan Fulani da Buzaye na kwarin Tarka su bi dabbobi, rajista ta cika da sunayen da babu masu su. Ranar da abincin kantin ya yanke, washegari aji ya rage. Ƙarshen wata ya hau babur ya kai rahoto ofishin sufeto. Wannan mutum ba a taɓa zaunar da shi an koya masa shugabanci ba. Makarantar horon malamai, irin ta Bawa Jan Gwarzo a Maraɗi, koyarwa ta koya masa. Darakta kuwa da takardar naɗi ya zama.

A nan giɓin yake, kuma ya nuna kansa. A gwajin PASEC na 2014, fiye da kashi 90 cikin ɗari na 'yan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai mizanin karatu ba. Tantance malaman kwantaragi da aka yi a 2017 ta fito da raunin horonsu, kuma darakta ne ya kamata ya riƙa shiga ajinsu yana gyara musu. Gobarar da ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi ranar 8 ga Nuwamba 2021, ta kashe yara fiye da ashirin, ta tuna wa kowa cewa ran yara ma yana wuyan shugaban makaranta.

To, digirin digirgir na tsarinmu ba don wannan kujera aka gina shi ba. Mai bincike yake fitarwa, wanda hukumar CAMES za ta auna da yawan maƙalun da ya wallafa. Malamin da ya bar Dakoro ya yi shekara biyar ko fiye tsakanin digiri na biyu da na uku, da wuya ya komo ya riƙe kwalejin Birnin Lalle. Yamai za ta riƙe shi, ko jami'a, ko ofishin wata ƙungiya. Shi ya ci riba, ƙasa ma ta ci, gundumar da ta raine shi ta yi asarar malaminta mafi kyau. Kuma yayin da yake can, ajinsa na hannun wani ɗan kwantaragi sabon shiga.

Amurka ta riga mu shiga wannan ruɗani. Tun wajen 1920 Jami'ar Harvard ta ƙirƙiro digirin digirgir na ma'aikatan ilimi, daban da na masu bincike. Duk da haka, a 2005 Arthur Levine, shugaban kwalejin malamai ta Jami'ar Columbia a lokacin, ya fitar da rahoto yana cewa yawancin irin waɗannan kwasa-kwasai ba su da inganci, takarda kawai ake nema don ƙarin albashi, har ya nemi a soke digirin a maye gurbinsa da na biyu mai ƙarfi. Ba a soke ba, amma jami'o'i da dama sun sake fasali, ɗalibi ya riƙa rubuta kundinsa kan matsalar makarantar da yake riƙe da ita.

Ba ina cewa Nijar ba ta buƙatar daktocin ilimi ba. Tana buƙatarsu ƙwarai. Tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ragamar makarantun firamare, kuma kundin tsarin mulkin da aka zartar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Wa zai binciko yadda ƙaramar hukuma da sufeto za su raba iko, ko yadda za a tsara kalandar karatu da ta dace da makiyayan Bermo? Gwajin koyarwa da Hausa da aka fara a Damagaram a 1973 ma yana jiran masu bin diddiginsa. Sai dai wannan aikin mutane kaɗan ne, kuma amfaninsa ga Dakoro ya dogara ga ko a nan za su yi binciken.

Su kuwa ɗaruruwan daraktocin da ke bakin aiki, abin da zai taɓa su shi ne horo na wata shida ko shekara kafin naɗi, a Maraɗi ko Tawa, kan duba malamai da lissafin kuɗin kwamiti da sasanta iyaye, tare da alawus da matakin albashi na kujerar kanta. Muddin ƙarin girma yana rataye ga barin makaranta, mai ƙwazo zai ci gaba da neman takardar da za ta fitar da shi.