Los Lobos: daga gidan biki zuwa La Bamba

A 1973, a unguwar 'yan asalin Meziko ta gabashin Los Anjelas, a Amurka, wasu samari suka kafa ƙungiyar Los Lobos, wato kyarketai. Da kiɗan rok suka tashi, amma suka jingine gitar lantarki, suka koyi kiɗan kakanninsu, suna bin bukukuwan aure shekara da shekaru.

A 1987 suka rera La Bamba, tsohuwar waƙar Berakurus wadda Ritchie Valens ya mayar rok a 1958, ta zo ta ɗaya a Amurka. Ɗan kasuwa zai ce a ƙaro irin hajar da ta karɓu. Su kuwa, a 1988, faifan gargajiya da Sifaniyanci suka fitar, kuma ya sami lambar Grammy.