Kariya: Furen hunturu da yawan ban-ruwa ke kashewa

Idan hunturu ya kankama a Ikara da Maƙarfi da Kudan, ƙura kan lulluɓe gari, ciyawa ta bushe ƙarau. In ban da rake da tumatir na fadama, da wuya ido ya ga kore. A daidai wannan lokaci ne kariya ke kaɗe ganyenta, ta fito da furanni masu ruwan hoda a kan rassa tsirara.

Masu sha'awar ƙawata gida sukan kashe kuɗi a kan furannin waje irin su okid, waɗanda ke son iska mai danshi, busasshiyar iskar Disamba kuwa ta yi musu illa. Kariya 'yar gida ce. Tana fitowa da kanta a busassun yankunan Afirka har zuwa ƙasar Larabawa, sunanta na kimiyya ma, Adenium, daga birnin Aden na Yemen aka samo shi. A Tailan har gonakinta ake yi, ana sayarwa ƙasashen duniya.

Sirrinta yana gindinta mai kauri, inda take tara ruwa kamar randa. Shi ya sa ƙishirwa ba ta cika kashe ta ba. Abin da ke kashe ta shi ne mai gida ya riƙa yi mata ban-ruwa kullum, saiwar ta ruɓe, gindin ya yi laushi.

Yadda ake kula da ita

Ka samu tukunyar ƙasa ka huda gindinta. Ka haɗa yashi da ƙasa da ɗan ruɓaɓɓen taki, yashin ya fi yawa. Ka ajiye ta inda za ta sha rana sosai, domin a inuwa ba ta fure yadda ya kamata.

Kafin ka zuba ruwa, ka tura yatsa cikin ƙasar. In da sauran danshi, ka ƙyale ta. A watan Agusta, lokacin marka, ka matsar da tukunyar ƙarƙashin rumfa.

In reshe za ka dasa, ka bar shi 'yan kwanaki a inuwa bakin yankan ya bushe tukuna. Wadda aka shuka daga iri ta fi yin ƙaton gindi.

A yi hattara

Kyan kariya da dafi yake tafe. Ruwan jikinta yana taɓa bugun zuciya, kuma maharba a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, a ɗora tukunyar inda hannu da baki ba za su kai ba. Wanda ya yanke reshe ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci. Idan yaro ya tauna wani sashe nata, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiran alama.