Ramin Zuma da Rina a Gona: Ku Duba Kafin Ku Kai Wuta

'Yan'uwa manoma na Babban Mutum da kewaye, sa'ad da damina ta sauka mukan ga ƙananan ramuka a kan iyakar gona da gefen hanyar shanu, ƙwari suna shiga suna fita. Da yawa cikinmu sai su ɗauko kananzir da ashana. Muna roƙonku ku dakata, gama ba dukan mai rami ne abokin gaba ba.

Masana sun ƙidaya irin ƙudan zuma wajen 20,000 a duniya, kashi 70 cikin ɗari kuwa a ƙasa suke gida. Yawancinsu ba su zama ƙungiya. Mace ɗaya ce takan haƙa raminta, ta tara garin fure, ta yi ƙwai, ta rufe. Ƙasa mai yashi irin tamu ta Baure tana yi musu daɗin haƙa. Da wuya su harbi mutum, sai in ya kama su. Su ne kuwa suke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan a riɗi, da kuɓewa, da kankana. A wani gwaji na Burkina Faso da aka buga a 2017, riɗin da aka hana wa ƙudan zuma ya rasa kashi 59 cikin ɗari na amfaninsa.

Akwai kuma dangin zanzaro masu haƙa rami. Su mafarauta ne: sukan harbi tsutsa ko fara, su ja ta cikin rami domin abincin 'ya'yansu. Maƙwabtanmu na Nijar sun san darajar wannan dangi, gama tun 2006 ma'aikatan INRAN na Maraɗi suka soma sakin wata 'yar ƙaramar danginsu a gonaki, tana kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero.

Mai haɗari shi ne zuma ta ainihi in ta sauka a tsohon suri ko ramin gafiya, haka kuma rina in ta yi sheƙa a bakin rami. Girgizar garma da takun shanu sukan tayar da su, dabbar da ke ɗaure kuwa ba ta da hanyar gudu.

Ga yadda za ku rarrabe. Ku tsaya nesa da hantsi ku duba. In ramuka ne da yawa, kowanne da 'yar tsibin ƙasa, ƙwaro ɗaya ɗaya yana shiga, ku ƙyale su; bayan 'yan makonni za su ɓace. In kuwa rami ɗaya ne, ƙwari suna ta zirga-zirga ba fasawa, to, ƙungiya ce.

In ƙungiya ce:

1. Ku kafa sanda da tsumma nesa kaɗan, ku gargaɗi yara da makiyaya.
2. Kada ku ɗaure jaki ko sa a kusa.
3. Ku kira mai amya, ya zo da dare da hayaƙin busasshen kashin shanu, ya kwashe su zuwa amya.
4. Kada ku zuba fetur ko kananzir. Yana ɓata ƙasa, wutar kuma takan kuɓuce ta ci kara ko rumbu.

In sun taso muku, ku rufe fuska, ku yi gudu zuwa ɗaki, kada ku tsaya kaɗe-kaɗe. Zuma takan bar ƙarinta a fata. Ku kankare shi nan da nan da farce, ku wanke wurin, ku ɗora tsumma mai sanyi. Amma in fuska ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama mutum, ko ya sha harbi da yawa, musamman yaro ko tsoho, ku garzaya da shi asibiti. Kada a ce sai gari ya waye.

Game da feshi kuma, kada ku fesa wa wake ko riɗi magani da safe sa'ad da fure yake buɗe. Ku jira yamma lis, bayan ƙwarin sun koma gida.

Muna shawartar kowace ƙungiya, a taronta na gaba, ta zaɓi mutum biyu su zaga gonaki su sa alama kafin a soma huɗa, ta kuma bar ɗan gefen gona wanda garma ba za ta taɓa ba.