Bankin Ingila Ba Ya Tambayar Ɗan Wane Ne Kai

Kwana uku da saukata a Manchesta, cikin watan Satumba na 2016, na sa rigar sanyi na nufi wani banki a tsakiyar gari. Ina riƙe da fasfo, da takardar samun gurbin karatun digiri na uku, da katin izinin zama da na karɓo a gidan waya, ga kuma kuɗin guzurina a aljihun ciki. A zatona aikin rabin sa'a ne. Matar da ke karɓar baƙi ta duba takardun tsaf, sannan ta nemi shaidar adireshi. Na faɗa mata sunan titi da lambar gida. Ta yi murmushi ta ce takarda take so: ta kuɗin wuta, ko ta ruwa, ko ta harajin ƙaramar hukuma, mai ɗauke da sunana.

A lokacin ina raɓe ne a ɗakin wani ɗan'uwa kafin in samu nawa. Na koma wajen dillalin gidajen haya, ya ce sai da asusun banki, domin ta nan ake cire kuɗin haya duk wata. Banki na jiran gida, gida na jiran banki, ni kuma ina tsakiya da kuɗin abincin wata uku a ƙasan akwati. Kuɗin tallafin karatuna ma ba su da inda za su sauka.

Jami'a ce ta warware ƙullin. Bayan an kammala rajista, ofishin ɗalibai yana ba da wasiƙa zuwa ga banki, mai nuna sunanka, da karatun da kake yi, da adireshinka na can da na gida Najeriya. Sai dai a nan ma na yi tuntuɓe. A fasfona an rubuta Muhammad, a takardar jami'a Mohammed. A wurinmu duk ɗaya ne, a wurinsu mutum biyu ne. Mu da muke ɗaukar sunan gari mu mai da shi sunan mahaifi a wata takardar, mu ajiye shi a wata, ya kamata mu daidaita wannan tun kafin mu hau jirgi. Da gyaran wasiƙa da jiran ranar ganawa, saboda Satumba lokacin cunkoson sababbin ɗalibai ne, sai da na yi mako biyar kafin katin cirar kuɗi ya iso ta gidan waya.

Na ji haushi a lokacin, na kuma ɗauke shi wulaƙanci. Daga baya na fahimci cewa yawancinsa doka ce. Dokar shige da fice ta 2014 ta hana bankunan Birtaniya buɗe asusu ga wanda ba shi da izinin zama a ƙasar, dokokin hana halasta kuɗin haram kuma sun tilasta musu sanin mai asusu da tushen kuɗinsa. Ba na musun cewa koren fasfo yana jawo ƙarin tambayoyi. Hukumar FATF mai mazauni a Paris ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, ba ta cire ta ba sai a Oktoban 2025, kuma ɗalibin da bai san hawa ba bai san sauka ba yana cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗar wannan.

Yau abin ya yi sauƙi. Katin izinin zama ya ba da wuri ga biza ta intanet tun ƙarshen 2024, akwai kuma bankunan wayar hannu irin su Monzo da ake buɗe asusunsu da hoton fasfo da ɗan gajeren bidiyon fuska. Mai gudun kuɗin ruwa ya nemi asusun hada-hadar yau da kullum, ya ƙi tayin cirar fiye da abin da ya ajiye, don a nan ruwan yake ɓuya.

Abin da ya fi damuna yana zuwa ne bayan an buɗe asusun. A gida, idan ɗan'uwa ya ce za a turo masa kuɗi ta asusunka, ba ka tambaya, domin tambayar ma kanta abin kunya ce. Wannan halin kirki can tarko ne. Masu damfara suna farautar ɗalibai baƙi daidai don wannan: a turo kuɗi, ka cire ka miƙa, a ba ka ɗan hasafi ko a yi maka godiya kawai. Idan kuɗin na sata ne, sunanka ne a kansu. Banki zai rufe asusun ba tare da dogon bayani ba, yana iya kuma shigar da sunanka a kundin Cifas, inda tambarin kan kai shekara 6, kuma sauran bankuna suna gani. Dokar 2002 kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 14. Ka ce ba ka sani ba, za a tambaye ka dalilin da ya hana ka tambaya. Ga wanda zamansa ya dogara da biza, abin da ke kan faifai shi ne karatun baki ɗaya.

A shekarata ta biyu wani matashi da muke sallar Juma'a tare ya same ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, don Allah wani abokin yayana zai turo fam dubu biyu, asusuna ya samu matsala." Na tambaye shi sunan mai turowar da dalilin kuɗin, ya kasa ba ni amsa ɗaya tsayayya. Na ba shi haƙuri, na ce in kuɗin abinci ne zan ranta masa daga nawa. Bai karɓa ba. Har na gama karatu na dawo gida, in muka haɗu gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu.