3.4 Daidaita Maɓallan Maganaɗisu a Allon Rubutun Kwamfuta

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, maɓallin da aka saba da shi ba ya rubuta harafi sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Shi kuwa na maganaɗisu, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne a gindinsa, a ƙarƙashinsa kuma akwai ma'auni mai jin ƙarfinsa. Idan aka danna maɓallin, maganaɗisun zai kusanci ma'aunin, sai ƙarfin lantarkin da ma'aunin ke fitarwa ya sauya. Wannan dabara ta samo asali ne daga binciken da Edwin Hall ya yi a Amurka a shekarar 1879, kuma kamfanin Honeywell ya yi amfani da ita a allon rubutu tun 1968.

Abin lura a nan shi ne, ma'aunin bai san milimita ba, ƙarfin maganaɗisu kawai yake ji. Ga shi kuma ƙarfin ba ya ƙaruwa daidai da nisa: a farkon dannawa kaɗan yake sauyawa, yana kusa da ƙasa kuwa sai ya hau da sauri. Haka nan maganaɗisan ba su zama ɗaya sak, zafi ma yakan rage musu ƙarfi. Dalilin daidaitawa ke nan. Manhaja takan ɗauki lambar kowane maɓalli yana sake, sannan a danna shi har ƙasa ta ɗauki ta biyu, ta lissafa abin da ke tsakani. Wajibi ne a maimaita wannan duk lokacin da aka sauya maɓalli. Wanda ya danna da sanyin hannu bai kai ƙasa ba, ya koya wa na'urar ƙarya.

Bayan haka sai zaɓen zurfin da harafi zai fita. Alal misali, allon Wooting 60HE yana ba da dama daga milimita 0.1 zuwa 4.0. Masu wasannin kwamfuta sukan zaɓi mafi ƙanƙanta saboda sauri, amma wannan bai dace da mai buga rubutu ba, domin ɗora yatsa kawai na iya fitar da harafi, ko harafi ɗaya ya fito sau biyu. Shi ya sa ake barin ɗan fili a sama da ƙasa wanda na'urar ba ta kula da motsin cikinsa, ko da yake hakan yakan rage saurin da aka sayi allon dominsa.