Huhu Ba Ya Jan Iska da Kansa

Mutane da yawa na zaton huhu ne ke zuƙo iska. Ko kusa! Aikin na wata faffaɗar tsoka ne da ke raba ƙirji da ciki. Idan ta sauka, haƙarƙari suka ɗaga, sai ƙirji ya buɗe kamar zugazugin maƙeri, kimanin rabin litar iska ta kwarara cikin huhu. Wannan tsokar ce kuma ke fizga idan shaƙuwa ta kama mutum.

Baligi da ke hutawa yakan numfasa sau 12 zuwa 20 a minti.

Mai riƙe numfashi kuwa, ba ƙarancin oksijin ne ke fara takura masa ba. Iskar kabon ce ke taruwa a jini, har ƙwaƙwalwa ta tilasta masa sakin hanci.